Darasi Na 14: Farfesa Lynn Snyder-Mackler Da Binciken Raunin Gwiwar 'Yan Wasa

1.0 Gabatarwa

Wannan darasi ya ƙunshi tarihin aikin wata shaihiyar malama 'yar ƙasar Amurka, Farfesa Lynn Snyder-Mackler, wadda ta shafe sama da shekara 30 tana koyarwa da gudanar da bincike a Jami'ar Delaware a kan yadda ake farfaɗo da gwiwar ɗan wasa bayan ta samu rauni. An zaɓo tarihin nata ne saboda dalilai biyu. Na farko, domin ɗalibi ya ga yadda harshen Hausa ke ɗaukar bayanin sassan jiki da alƙaluman bincike. Na biyu, domin tambayar da ta yi ta bi a tsawon aikinta ta shafi duk wani matashi mai buga ƙwallo, ko a filin unguwa yake a Kumasi ko Garwa, ko kuwa a wata makaranta a Landan. Tambayar ita ce: idan gwiwa ta samu rauni, yaushe za a ce ta warke har mai ita ya koma fili? Wanda ya yi gaggawar komawa yana iya sake jin raunin da zai raba shi da wasa baki ɗaya, wanda kuwa ya daɗe yana jira yana iya tarar da wani ya gaje gurbinsa. Za a ga yadda wannan malama ta ɗauke amsar daga hannun ƙiyasi, ta mayar da ita hannun awo.

2.0 Sunan Fannin Da Asalinsa

Hausawa da dama na kiran wannan fanni gashin ƙashi, ma'aikacinsa kuma likitan gashin ƙashi. Sunan ya dace da abin da ido ya fi gani a asibiti, wato ɗora zafi a kan gaɓar da ke ciwo. Sai dai kuma ya yi wa fannin kaɗan, domin mafi yawan aikin motsa jiki ne bisa tsari da ƙarfafa tsoka da sake koya wa jiki tafiya. Wannan ne ya sa wasu ma'aikatan suka fi son kalmar aro ta fisiyo, kuma ita za a yi amfani da ita a wannan darasi.

Fannin ya faro ne a Turai. A shekarar 1813 Per Henrik Ling ya kafa cibiyar koyar da motsa jiki a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, sannan a 1894 wasu mata huɗu ma'aikatan jinya suka kafa ƙungiyar ƙwararrun masu tausa a Ingila. A Amurka kuwa, Yaƙin Duniya Na Ɗaya ne ya haifar da buƙatar, lokacin da rundunar soja ta ɗauki mata aikin taimaka wa sojojin da suka dawo da raunuka. Ɗaya daga cikinsu, Mary McMillan, ita ce ta zama shugaba ta farko ta ƙungiyar ma'aikatan fisiyo da aka kafa a 1921. Annobar shan inna ta shekarun 1940 da 1950 ta ƙara yawan ma'aikatan ƙwarai da gaske.

A duk tsawon wannan lokaci, ma'aikacin fisiyo mai bin umarnin likita ne. Abin da ya gada daga malamansa shi yake yi, kuma kaɗan ne daga cikin hanyoyin da aka gwada ingancinsu ta fuskar bincike. Kafin fanni ya samu gindin zama a jami'a, dole ne ya samar da masu bincike daga cikin 'ya'yansa, waɗanda za su iya nuna da hujja abin da ke aiki da abin da ba ya aiki. Lynn Snyder-Mackler tana cikin rukunin da ya ɗauki wannan nauyi.

3.0 Karatunta Da Fara Aikinta

Ta yi digirinta na farko a Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore, daga nan ta wuce Jami'ar Pennsylvania inda ta samu shaidar ƙwarewa a fannin fisiyo. A wancan zamani shaida irin wannan ko digirin farko ya isa mutum ya fara duba marasa lafiya a Amurka. Abin ya sauya daga baya, domin tun daga 2016 sai makarantar da ke bayar da digirin dakta na fisiyo kaɗai ake amincewa da ita a ƙasar. Ta kammala digiri na uku a Jami'ar Boston a 1990, sannan ta yi rayuwar aikinta a Jami'ar Delaware da ke garin Newark, inda ta hau matakan koyarwa ɗaya bayan ɗaya har ta kai muƙamin farfesa.

Abin lura a nan shi ne, shigarta ɗakin bincike ba ta raba ta da marasa lafiya da 'yan wasa ba. A gasar Olamfik ta 1996 da aka yi a birnin Atlanta, ita ce ta jagoranci masu kula da raunin 'yan wasa a filin ƙwallon raga ta bakin teku. Haka kuma ta yi shekaru tana aiki kafaɗa da kafaɗa da wani likitan tiyatar ƙashi mai suna Michael Axe, wanda sunansa ya fito tare da nata a maƙalu masu yawa. Daga wurin marasa lafiya tambayoyinta suke fitowa, kuma wurinsu amsoshin suke komawa.

4.0 Raunin Da Ta Mayar Da Hankali A Kansa

Gwiwa mahaɗa ce tsakanin ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri. Akwai manyan jijiyoyi huɗu da ke ɗaure waɗannan ƙasusuwa biyu: biyu a gefe da gefe, biyu kuma a tsakiya sun gitta juna. Ta gaba daga cikin na tsakiyar ita ce za a kira jijiyar gicciye ta gaba, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da haruffan ACL. Aikinta shi ne hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba daga ƙarƙashin ƙashin cinya, da kuma riƙe gwiwa idan mutum ya juya da sauri.

Galibin masu tsinkewar wannan jijiya ba wani ne ya buge su ba. Ɗan wasa ne zai taka birki ba zato, ko ya yanke kwana ƙafarsa na kafe a ƙasa, ko ya diro daga tsalle a karkace, sai ya ji wani abu ya ɓalle a cikin gwiwa, bayan 'yan sa'o'i kuma ta kumbura. Mata sun fi maza yawan samun raunin idan aka kwatanta su a wasa iri ɗaya. Masu bin labarin ƙwallon ƙafa sun san shi da kyau. Shi ne ya sami Michael Essien a wasan Ghana da Libiya a watan Satumba na 2008, bai koma yi wa Chelsea wasa ba sai a watan Maris na 2009. Shi ne kuma ya sami Virgil van Dijk na Liverpool a watan Oktoba na 2020, bai sake taka leda ba sai a ƙarshen Yuli na 2021.

Jijiyar ba kasafai take haɗewa da kanta yadda za ta koma kamar da ba. Saboda haka likitocin tiyata kan yanko wata jijiya daga ƙasan ƙoƙon gwiwa ko daga bayan cinya, su dasa ta a gurbin wadda ta tsinke. Tiyatar ba ta wuce 'yan sa'o'i, amma farfaɗowa tana cin watanni. A kan waɗannan watanni ne binciken Snyder-Mackler ya ta'allaƙa.

5.0 Matakan Bincikenta

5.1 Tsokar Gaban Cinya

Abu na farko da ta tunkara shi ne rashin ƙarfin tsokar gaban cinya, wato tsokar da ke miƙe gwiwa. Bayan rauni da tiyata wannan tsoka kan rame, kuma ko mutum ya yi iya ƙoƙarinsa, kumburi da ciwo kan hana saƙon ƙwaƙwalwa isa gare ta sosai. Wata hanyar da ake bi ita ce a manna faifai a kan cinya, a tura wutar lantarki gwargwado don tsokar ta tsuke da kanta. An daɗe ana yin haka, amma ba a tantance ko yana da amfani ba, ba a kuma san ƙarfin wutar da ya kamata ba.

A 1995 ita da abokan aikinta suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi da marasa lafiya 110 da aka yi wa tiyata. An rarraba su rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a, don kada son zuciyar mai bincike ya shiga cikin zaɓen. Da aka auna ƙarfin tsokar a ƙarshen gwajin, aka kwatanta ta da ta lafiyayyar ƙafa, sai aka tarar waɗanda aka yi wa amfani da wuta mai ƙarfi sun kai kashi 70 cikin 100 ko fiye. Waɗanda suka yi atisaye da ƙarfin kansu kawai sun tsaya a kashi 57, waɗanda aka ba wuta mai rauni kuwa kashi 51. Bugu da ƙari, an ga cewa gwargwadon ƙarfin tsokar, gwargwadon yadda tafiyar mutum ke komawa daidai.

Wannan sakamako ya nuna cewa na'urar kaɗai ba ita ce magani ba, sai an kai ƙarfinta inda ya kamata. Ya kuma kafa ƙa'idar da ta riƙe har ƙarshe, wato ƙarfin tsoka abu ne da ake aunawa da ma'auni. Duban ido ko taɓawa da hannu ba sa wadatarwa. Shekara 25 bayan haka, a 2020, ita da Brian Noehren sun sake jan hankalin ma'aikatan fisiyo cewa tsoron da ake yi na atisayen miƙe gwiwa a zaune, wai don kada ya lalata jijiyar da aka dasa, ba shi da hujja mai ƙarfi, kuma yana barin marasa lafiya da tsoka mai rauni.

5.2 Masu Jurewa Da Marasa Jurewa

Tambaya ta biyu ita ce ko duk wanda jijiyarsa ta tsinke sai an yi masa tiyata. An lura cewa wasu mutane, duk da jijiyar ta tsinke, suna komawa wasa ba tare da gwiwarsu tana gocewa ba, domin tsokokinsu sun koyi riƙe ta. Irin waɗannan aka kira masu jurewa. Matsalar ita ce yadda za a gane su tun da wuri.

A shekarar 2000 ɗalibinta Kelley Fitzgerald da Michael Axe da ita kanta suka fito da hanyar tantancewa mai sharuɗɗa huɗu. Na ɗaya, kada gwiwa ta goce fiye da sau ɗaya tun bayan raunin. Na biyu, mutum ya yi tsalle-tsalle da ƙafa ɗaya, kamar mai wasan langa, tsawon mita 6, saurinsa a ƙafar da ta ji rauni ya kai aƙalla kashi 80 cikin 100 na lafiyayyar. Na uku, ya samu aƙalla maki 80 a takardar tambayoyi kan ayyukan yau da kullum. Na huɗu, shi da kansa ya ba gwiwarsa aƙalla maki 60 cikin 100. Daga cikin mutum 93 da aka tantance, 39 suka cika sharuɗɗan. Mutum 28 daga cikinsu suka zaɓi komawa wasa ba tare da tiyata ba, kuma 22 suka yi nasara.

A wannan shekara dai suka gwada wani horo da za a kira atisayen tangal-tangal. Akan tsayar da mutum a kan allo mai lilo ko mai tayoyi, ma'aikacin fisiyo ya riƙa ture allon ta fuskoki daban-daban ba tare da sanarwa ba, har tsokokin su koyi amsawa cikin sauri kuma daidai gwargwado. A cikin mutum 12 da suka yi wannan horo, 11 sun koma wasa lafiya, a cikin 14 da suka yi atisayen da aka saba kuwa, 7 ne kawai.

5.3 Ayarin Delaware Da Oslo

Mutum 26 ko 93 ba su isa a kafa doka a kansu ba. Don haka a 2007 ta haɗa gwiwa da Farfesa May Arna Risberg ta birnin Oslo a ƙasar Norwe, suka fara bibiyar 'yan wasa 300 masu wannan rauni, 150 a kowace ƙasa, da tallafin Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka. Kowane ɗaya an auna shi da gwaji iri ɗaya a lokuta iri ɗaya, shekara bayan shekara.

Sakamakon da ya fi shahara ya fito ne a 2016, a maƙalar da Hege Grindem ta jagoranta. An bi mutum 106 na ɓangaren Norwe tsawon shekara 2 bayan tiyata. Waɗanda suka koma wasanni masu tsalle da juyi da yanke kwana, irin su ƙwallon ƙafa da ƙwallon hannu da ƙwallon kwando, haɗarin sake jin rauni a gare su ya ninka na sauran fiye da sau huɗu. Daɗin daɗawa, duk wata ɗaya da ɗan wasa ya ƙara na jira, har zuwa wata na 9 bayan tiyata, haɗarin na raguwa da kashi 51 cikin 100. Bayan wata na 9 ba a ga ƙarin raguwa ba. Mutum 4 da suka koma kafin cikar wata 5, dukkansu sun sake jin rauni cikin wata 2 da komawarsu.

Sai dai lissafin watanni rabin amsa ne. An kuma gindaya jarrabawar komawa fili, wadda ta haɗa da awon ƙarfin tsokar gaban cinya da tsalle iri huɗu da ƙafa ɗaya da takardun tambayoyi biyu, kuma sai mutum ya haye kashi 90 cikin 100 a kowane ɗaya za a ce ya ci. A cikin mutum 55 da suka koma wasa ba tare da cin jarrabawar ba, 21 sun sake jin rauni, wato kashi 38.2 cikin 100. A cikin 18 da suka ci kuwa, mutum 1 ne kawai, wato kashi 5.6. Ya kamata ɗalibi ya lura cewa rukunin mutum 18 ƙarami ne, kuma da a ce mutum 2 ne suka ji rauni maimakon 1, da kason ya ninka. Mai karanta alƙaluma da basira yakan nemi adadin mutanen da ke bayan kowane kaso kafin ya yanke hukunci. Duk da haka, wannan maƙala ta yi tasiri matuƙa, domin ta sa ma'aikatan fisiyo da yawa sun daina ɗaukar wata 6 a matsayin lokacin komawa, sun koma duba abu biyu tare: cikar wata 9 da cin jarrabawa.

5.4 Sake Auna Amsoshinta

Abin da ya fi bambanta mai bincike da mai tallar magani shi ne yadda yake yi idan awo ya saɓa wa abin da ya faɗa a baya. Tarihin Snyder-Mackler yana da misalai huɗu a kan haka, kuma duk sun fito ne a maƙalun da ke ɗauke da sunanta.

Na farko ya shafi tantancewar shekarar 2000. A 2008 wani bincike da Håvard Moksnes ya jagoranta a Norwe ya nuna cewa, a cikin waɗanda ba a yi wa tiyata ba, kashi 70 cikin 100 na mutanen da aka ɗauka marasa jurewa ne sun zama masu jurewa bayan shekara guda. Ke nan faɗuwa gwajin farko ba hujja ba ce ta garzayawa ɗakin tiyata. Wani gwaji dabam da aka yi a Suwidin da mutum 121, wanda aka wallafa a 2010, shi ma ya tarar babu wani babban bambanci bayan shekara 2 tsakanin waɗanda aka yi wa tiyata nan take da waɗanda suka fara da atisaye aka bar musu zaɓin tiyata daga baya.

Na biyu ya shafi atisayen tangal-tangal. Da aka gwada shi a kan maza 40 da aka riga aka yi wa tiyata, sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna bai ƙara musu komai ba a kan atisayen ƙarfi da tsalle da zafin nama. Horon da ya fito daga ɗakin bincikenta ne, amma haka aka buga sakamakon.

Na uku ya shafi kwatanta ƙafa da ƙafa. Lafiyayyar ƙafa ma tana rasa ƙarfi a watannin da mutum ya yi ba ya wasa, don haka tana iya zama ma'auni mai ruɗi. A 2017 Elizabeth Wellsandt da Mathew Failla da ita suka duba 'yan wasa 70 wata 6 bayan tiyata. Da aka kwatanta ƙafafun biyu a ranar gwajin, 40 sun haye kashi 90. Da aka kwatanta ƙafar da aka yi wa tiyata da yadda lafiyayyar take kafin tiyata, sai 20 kaɗai suka haye.

Na huɗu ya shafi amosanin gaɓa, wato zaizayewar guringuntsi da kan biyo bayan wannan rauni ko da mutum yana da ƙuruciya. Hankali zai ɗauka cewa yawan ɗora wa gwiwa nauyi ne ke jawo shi. Amma binciken da suka yi tare da injiniyoyin jami'ar, ƙarƙashin Farfesa Thomas Buchanan, ya nuna a 2016 cewa waɗanda amosanin ya bayyana a gwiwarsu bayan shekara 5 su ne waɗanda tun farko suke kaffa-kaffa da ita, ba sa ɗora mata nauyi sosai wajen tafiya.

6.0 Darussa Daga Rayuwar Aikinta

A 2015 ƙungiyar ma'aikatan fisiyo ta Amurka ta zaɓe ta ta gabatar da laccar tunawa da Mary McMillan karo na 46, wadda tana cikin manyan karramawar da ƙungiyar ke yi. Ta gina taken laccar a kan kalmar Girkanci ta yureka, mai nufin "na gano", wadda ake cewa masanin nan Arkimidis ya furta lokacin da amsa ta faɗo masa kwatsam. Taken nata kore wannan kalma ya yi. Duk wanda ya bi matakan da aka zayyana a sama zai fahimci dalili, domin babu rana guda da za a nuna a ce ita ce ranar da aka gano sirrin gwiwa. Tsakanin gwajin 1995 da maƙalar 2016 akwai shekara 21 na awo da rubutawa da sake aunawa. Da ma Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa.

Haka nan, idan aka duba sunayen da suka zo a wannan darasi, za a ga sau da yawa sunan ɗalibi ko ƙaramin abokin aiki ne ke kan gaba, nata kuma yana biye ko yana ƙarshe. Al'adar binciken kimiyya ke nan: wanda ya yi ɗawainiyar aikin shi ake sawa a farko, jagoran da ya tsara shi ya nemo kuɗinsa kuma yakan zo daga baya. Babban ɓangare na aikin farfesa shi ne rubuta takardun neman tallafi da gyara rubutun ɗalibai da yaye waɗanda za su buɗe nasu ɗakunan bincike. Kelley Fitzgerald, alal misali, ya zama farfesa a Jami'ar Pittsburgh.

Ga ɗan wasan da ba shi da halin zuwa babban asibiti ma akwai abin ɗauka. Gwajin tsalle da ƙafa ɗaya ba ya buƙatar komai sai fili mai tsawon mita 6 da igiyar awo da agogo, tare da ƙwararren da zai tabbatar cewa lokacin yin sa ya yi. Ɗaukewar ciwo da sacewar kumburi ba su ne alamar warkewa ba, domin suna riga dawowar ƙarfin tsoka da watanni.

7.0 Kammalawa

An ga a wannan darasi yadda fannin fisiyo ya tashi daga sana'ar bin umarni ya zama fagen bincike a jami'a, da kuma rawar da Farfesa Lynn Snyder-Mackler ta taka ta hanyar riƙe tambaya guda tsawon aikinta. An bi bincikenta a kan tsokar gaban cinya da tantance masu jurewa da ayarin Delaware da Oslo, sannan an nuna wuraren da sabon awo ya gyara tsohuwar amsa. Amsar da aka tsaya a kanta ita ce, ɗan wasan da aka yi wa wannan tiyata ya jira aƙalla wata 9, kuma ya ci jarrabawar ƙarfi da tsalle kafin ya koma fili.

Ma'anar Wasu Kalmomi

Amosanin gaɓa: ciwon da ke samuwa idan guringuntsin mahaɗar ƙashi ya zaizaye.
Ayari: a asali fatake masu tafiya tare, a nan, rukunin mutanen da bincike ke bibiya tsawon lokaci.
Gocewa: kauce wa daidai; a nan, lanƙwashewar gwiwa ba zato.
Guringuntsi: farin abu mai santsi da ke lulluɓe bakin ƙashi a mahaɗa.
Kaffa-kaffa: yin hattara da abu fiye da kima.
Ƙiyasi: kintace ba tare da awo ba.
Ƙoƙon gwiwa: ɗan ƙashin da ke rufe gaban gwiwa.
Ƙwauri: sashen ƙafa daga gwiwa zuwa idon sawu.
Langa: wasan yara maza da ake yi ana tsalle da ƙafa ɗaya an riƙe ɗayar.
Maƙala: rubutun ilimi da ake bugawa a mujalla ko a gabatar a taro.
Tangal-tangal: rashin tsayuwa daram, kamar abin da ke shirin faɗuwa.

Lura Da Harshe

Kalmar gwiwa tana fitowa a maganganun hikima da dama. A sashe na 5.3 an ce "ta haɗa gwiwa da", ma'ana ta yi tarayya da wani a aiki. Akwai kuma ƙarfin gwiwa da sanyin gwiwa da karya gwiwa. Wajen faɗar kaso kuwa, akan ce "kashi 70 cikin 100", a karanta shi "kashi saba'in cikin ɗari". A lura kuma cewa suna yakan zauna a tilo kafin adadi, kamar mutum 93 da wata 9 da shekara 2.

Tambayoyi

1. Me ya sa wasu ma'aikata suke ganin sunan gashin ƙashi ya yi wa fanninsu kaɗan?
2. Bayyana aikin jijiyar gicciye ta gaba da hanyoyin da take tsinkewa.
3. Mene ne amfanin rarraba marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a a gwajin 1995?
4. Kawo sharuɗɗa huɗu na tantance masu jurewa.
5. Don me ake buƙatar yin hattara da kashi 5.6 cikin 100 da aka samu a 2016?
6. Ta yaya lafiyayyar ƙafa take zama ma'auni mai ruɗi?
7. Yi jimla ɗaya-ɗaya da ƙarfin gwiwa da sanyin gwiwa da karya gwiwa.

Aikin Gida

Wani ƙanenka mai buga wa ƙungiyar unguwa ƙwallo ya cika wata 5 da yin tiyatar gwiwa, ciwo ya ɗauke, kuma mai horar da su yana matsa masa ya dawo don wasan ƙarshe. Rubuta masa wasiƙa da ba ta wuce shafi ɗaya ba, ka ba shi shawara, kana kafa hujja da alƙaluma biyu daga cikin darasin.